Jinin Zariya a Ɗakin Gwajin London

Ɗakin da na fara zama a London yana Abbey Wood, a hawa na uku, cikin flat ɗin wata 'yar Ghana da ake kira Mma Zuwera. Ƙanwar wata maƙwabciyarmu ta Zariya ce ta haɗa mu ta waya. Ranar da na sauka, ta buɗe ƙofa ta dube ni, ta dubi akwatunana biyu, ta ce, "Kai ne likitan? Shigo, sanyi zai kama ka." Na waiga in ga ko da wani namiji a bayana. Babu kowa. Daga baya na gane haka Hausarsu ta zango take, mace da namiji duk "kai" ne. Na gaya mata ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar lab ce, amma har yau Likita take kirana.

Sunana Habiba. Shekara tara na yi a wani asibiti a Zariya ina duba jinin masu zazzaɓi a madubin gwaji, har ya zama idan gilashin da aka shafa wa jini ya rikitar da kowa, ni ake kira. Da na samu gurbin digiri na uku, na bar mijina, Abban Safiya, wanda malamin sakandare ne, da 'yarmu Safiya mai shekara shida. Mahaifiyarsa Hajiya ta dawo gidan don ta riƙe masa yarinyar.

Mai kula da karatuna wata dattijuwa ce, Farfesa Margaret. Ranar farko ta ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, ta kara mata maganaɗisu a gefe. Nan take launin ya tattaru wuri ɗaya, ruwan ya washe. Ta ce ƙwayoyin ƙarfe ne a ciki, waɗanda suka fi garin kwalli laushi nesa ba kusa ba. Ƙwayar cutar maleriya idan ta ci jini tana barin wani baƙin abu mai ƙarfe a ciki. Na san baƙin abun nan sarai, na sha ganinsa. Abin da ban taɓa sani ba shi ne maganaɗisu yana jansa. Burin su Farfesa shi ne ƙwayoyin ƙarfen nan su manne masa, wata 'yar na'ura mai batir ta auna, a gane cutar ko da ta ɓuya, ba tare da jiran wutar lantarki ko ƙwararren ido ba.

Matsalar ita ce babu wanda ya san yadda ƙwayoyin ƙarfen ke jeruwa a cikin jini, don madubi ba ya ganinsu. Sai an harba musu niyutiron, wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ke ratsa abu. Yadda suka warwatsu bayan sun fito shi ke nuna yadda cikin abun yake, har da inda maganaɗisunsa ya fuskanta. Na'urar da ke harba su tana wajen London, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa da bas. Masu bincike daga ko'ina suna bin layi. Sai ka rubuta takardar neman lokaci, in an amsa a ba ka kwana biyu ko uku a shekara.

Watannin farko na wahala. A taron mako-mako sai su cika allo da lissafi, ni ina zaune ina kwafa kamar 'yar aji ɗaya. Wanda ya taimake ni shi ne Dokta Marcus, mataimakin Farfesa, matashi mai fara'a. Yakan zauna da ni bayan taro ya warware mini lissafin. Ni kuma na koya masa jini, don shi bai taɓa ganin mai maleriya ba a rayuwarsa. Kullum da safe in hau jirgin ƙasa na Elizabeth line, in canza zuwa tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Whitechapel. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. In na dawo in tarar Mma Zuwera ta rufe mini waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, a kwano kafin ta tafi aikin sharar ofisoshi. Na ci shi har na saba, amma ranar da ta samo mini kuka da daddawa a wani shago, a tsaye na sha miyar ina hawaye.

Ni na kawo shawarar a yi gwajin da jinin marasa lafiya na gaskiya, ba ƙwayoyin da ake rainonsu a kwalba ba. Farfesa ta ji daɗi sosai. Muka rubuta takarda, aka ba mu kwana uku a watan Mayu.

Tsohon abokin aikina Malam Isyaku ne ya ɗauki nauyin tattarawa a Zariya. Wata huɗu yana yi. Kowace uwa sai ya zaunar da ita ya yi mata bayani kafin ta dangwala hannu. In an ɗauke wuta, Abban Safiya ne ke zuwa da janaretonmu a bayan mashin don kada firjin da ake ajiye jinin ya huce. Kwalba sittin da biyu suka haɗa, aka zuba su a akwati cikin busasshiyar ƙanƙara mai riƙe sanyi kwana biyar.

Akwatin ya sauka London a rana ta biyu. A rana ta uku aka turo mini imel cewa an riƙe shi, akwai takarda guda da ba a sa wa hannu ba. Wadda ke sa hannun a sashenmu ta tafi hutu. Na je ofishinta, aka ce in rubuta wa wani. Na rubuta masa, na'ura ta amsa cewa zai dawo ranar Litinin. Na buga wa kamfanin da ya ɗauko kayan, na yi minti arba'in ina jin kiɗa, sannan wata murya mai daɗi ta ce ta fahimci damuwata, amma ba ta da ikon yin komai.

Rana ta huɗu na tafi ɗakin ajiyar kaya da ke kusa da filin jirgi da kaina. Na tarar da wani mutum a bayan gilashi.

Na ce masa, "Ba cewa na yi ku ba ni ba. Ku bar ni in ƙara masa ƙanƙara kawai. Ko ku ku ƙara, ga ta na zo da ita."

Ya ce kayan da aka riƙe ba a taɓa su.

Na ce, "Jinin yara ne. Gobe zai narke."

Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na ga alamar da gaske yake. Ya miƙo mini wata takarda mai lambar waya, ita ce dai wadda na riga na buga. Na zauna a kujerar roba da jakar ƙanƙara a gabana tana hayaƙi, har suka tashi aiki. Washegari na koma, haka ma ranar da ta biyo baya. Rana ta tara aka saki akwatin. Da na buɗe shi a lab, ɗumi ne ya fara bugun fuskata. A jikin kowace kwalba ga rubutun Malam Isyaku, lamba da shekarun yaro. Ni da hannuna na jera su a kwandon ƙonawa.

Na kira Malam Isyaku na gaya masa. Ya ce, "To Malama Habiba, in iyayen sun tambaye ni, me zan ce musu?" Na ce ya ce an gode. 

Saura mako bakwai. Farfesa ta ce kada mu rasa lokacinmu, in koma ga ƙwayoyin kwalba. Na raine su da kaina, ina ciyar da su kullum har ranar Lahadi. A nan ne na gano cewa idan na lulluɓe ƙwayoyin ƙarfen da wani irin sukari kafin in zuba, ba sa dunƙulewa. Sau goma sha ɗaya na gwada kafin ya yi. Komai na rubuta a littafina mai jan bango.

Ranar tafiya muka hau jirgi ni da Marcus, Farfesa ba ta jin daɗi. Wurin yana cikin gonaki, an kewaye shi da waya. A bakin ƙofa wani dattijon mai gadi ya karɓi fasfonmu. Ya ba Marcus katinsa. Nawa ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ce sunana yana nan amma ba a tantance ni ba. Masu fasfo irin nawa sai an aiko da wani fom mako shida kafin zuwa.

Na dubi Marcus. Tun watan Maris ya karɓi kwafin fasfona ya ce zai yi mana booking, wato rajistar shiga, gaba ɗaya.

Ya dafa goshi ya ce, "Habiba, na ɗauka ke kika tura wancan."

Aka buga waya nan da can. Aka ce mafi sauri kwana goma. Na'urar kuwa ba ta jiran kowa, ƙarfe goma lokacinmu zai fara. Na miƙa masa akwatin sanyin. Ya ce ba zai gane jerin ba sai da littafin, na miƙa masa shi ma. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya har ya shige wani dogon gini mara taga.

Bas ɗin komawa sai bayan awa uku. Mai gadin ya ce in shigo ɗakinsu daga iska. Ya haɗa mini shayi, ya ba ni rabin biskit ɗinsa. Da azahar ta yi ya ga ina duba agogo ina waige-waige, sai ya buɗe mini wani ɗan ɗaki da suke rataye riguna, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ja ƙofa. Ban tambayi sunansa ba, abin yana damuna har yanzu.

Kwana ukun nan a ɗakina na yi su, waya a hannu. Na tura wa Marcus saƙo ya fi ashirin: kada ya girgiza kwalba ta huɗu, ya fara da mai sukari. Sau biyu ya amsa, duka a taƙaice, cewa komai lafiya.

Sakamakon ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. Amma kafin mu zauna a kansa aka yi wa Farfesa aikin zuciya, ta tafi jinya ba ranar dawowa. Sashen ya ce Marcus ya riƙe ɗalibanta. Bayan wata biyu aka sanar zai gabatar da jawabi. Na zauna a layi na uku. Ga zanen sakamakon kwalabena a allo, an canza musu lamba. Ga maganar sukarin, yana bayaninta kamar a mafarki ta zo masa. A shafin ƙarshe na ga sunana cikin waɗanda aka gode wa, tsakanin mai gyaran firji da sakatariya.

Na same shi a ofis. Na ce, "Dokta, dabarar sukarin tawa ce. Tana cikin littafina."

Ya ce ba wanda ya musa. Amma shi ya shiga ya auna, shi ya yi lissafin, kuma a wannan fanni wanda ya auna shi ke gaba. Ya ce in kwantar da hankali, takarda ta biyu tawa ce. Littafin ya dawo mini da shi, an ɗauki hoton kowane shafi, na gane ne daga yadda ɗinkinsa ya saki.

Na kai ƙara wani ofis na ɗalibai. Matar ta saurare ni da kyau, ta rubuta, ta ce za a iya shirya zaman sulhu. Sannan ta tambaye ni, a hankali, wa ke sa hannu a rahoton da ake tura wa masu biza kowane zango. Na ce shi ne yanzu. Ta ce to in yi tunani, ƙofarta a buɗe take. Ban koma ba.

A watan Agusta na tura fasfona don sabunta biza. Mako biyu bayan nan Abban Safiya ya kira ya ce Safiya na zazzaɓi. An yi mata gwajin tsinke a kemis, wanda ake ɗiga wa jini, bai nuna maleriya ba, an ce taifot ne, an ba ta magani. Na ce a kai ta wurin Malam Isyaku. Hajiya ta karɓi wayar ta ce, "Habiba, an fa gwada. Ki bar yarinya ta sha maganinta, kada a yi ta caka mata allura." Kwana huɗu aka yi haka. Rana ta biyar ta daina gane mutane, aka kai ta asibitin da na yi aiki.

Ina lab da rana tsaka Malam Isyaku ya kira ni ta bidiyo. Ya ce ya shafa jininta a gilashi, ya duba sau uku bai ga ƙwaya ba, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. "Ke ce mai idon. Duba mini."

Na fita na zauna a matakalar bene. Babu wuta a can, da fitilar wata waya suke haska madubin, shi kuma ya kara tasa wayar a bakin inda ake sa ido. Hoton yana rawa. Ya fito, ya dushe, ya tsaya cak.

Na ce, "Matsa hagu kaɗan. A'a, ka wuce. Dawo."

"Nan?"

"Riƙe hannunka, Malam. Don Allah riƙe."

A bayansa ina jin muryar Hajiya tana salati, da wani nishi da na san na waye. Mun fi minti ashirin a haka. Sai na hango, a cikin wata farar ƙwayar jini, ɗigon baƙin abun nan. Ko kuma na ɗauka na hango, don kafin in tabbatar hoton ya sake tsayawa.

Na ce, "Maleriya ce, ta ɓuya ne. A fara mata allura yanzu."

Aka kai wa likitan da ke aiki wayar. Ya gaishe ni da mutunci. Ya ce gwajin tsinke bai nuna ba, gilashi bai nuna ba, shi ba zai canza magani a kan hoton waya daga London ba, a sake ɗibar jini da safe. Na gaya masa shekarun da na yi a asibitin da yake tsaye a ciki. Na gaya masa abin da nake karanta. Na roƙe shi da Allah. Ya ce ya fahimta, uwa ce ni. Da ni ce a matsayinsa, wataƙila abin da zan ce ke nan.

Na koma ciki. A kan teburina ga 'yar na'urarmu, wayoyinta a waje, ba ta kai ko rabin haɗuwa ba. Na kashe fitilar tebur na ɗauki jakata. A jirgi na yi ta neman tikitin Abuja a waya, na zaɓi kujera har na kai inda ake sa lambar fasfo, sannan na tuna fasfona yana hannun masu biza. Na buga wa masu bizar. Suka ce zan iya janye takardata a dawo mini da fasfo cikin kwana goma na aiki, amma in na fita ba zan dawo ba.

Da safe Safiya ta yi jijjiga. A lokacin suka ga ƙwayoyin, suka fara allurar.

Kwana uku ba ta farka ba. Mma Zuwera ta kira wurin aikinta ta ce ba ta da lafiya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta shimfiɗa darduma kusa da tawa. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce komai zai yi daidai ba. Ta dama koko mai citta ta ajiye a gabana ta ce, "Likita, ka sha. Ba don daɗi ba. In yarinya ya tashi zai nemi murya naka." Na sha. Ranar Juma'a ta ja ni har masallacin Whitechapel, ta riƙe mini hannu a jirgi kamar makauniya.

Safiya ta farka ranar Asabar da hantsi. Ta nemi ruwa, ta gane babanta. Sai bayan mako biyu Hajiya ta lura cewa in aka kira ta daga hagu ba ta waigowa. An kai ta Kano an gwada. Kunnen ba zai dawo ba.

Fasfona ya iso bayan mako biyar. Na ce wa Abban Safiya zan tattara in dawo gaba ɗaya. Ya ce, "In kin dawo yanzu, kunnen zai dawo ne? Ki gama abin da ya raba ki da mu, Habiba. Kada ya zama a banza." Ba da faɗa ya faɗa ba, amma tun daga ranar hirarmu ta gajarta. Na je hutun mako biyu a Disamba. Safiya ta yi kwana uku tana ɓuya a bayan Hajiya kafin ta yarda in yi mata kitso.

Yanzu ina shekara ta uku. Takardar Marcus ta fito, sunana na huɗu. Farfesa ta yi ritaya, ta aiko mini da kati mai hoton furanni. Na sake neman lokaci a na'urar niyutiron, da sunana ni kaɗai, aka ce aikin yana da kyau amma layi ya yi tsawo, in sake nema baɗi. Malam Isyaku ya ce zai sake tattara jinin in na shirya, sai dai wasu iyayen sun ce ba za su ƙara bayarwa ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na kira gida bayan la'asar. Safiya ta karɓa, ta juya kai ta kara wayar a dama yadda ta saba yanzu. Ta ba ni labarin makaranta, an mayar da ita benci na gaba. 

Ta ce, "Umma, Hajiya ta ce wai abin gane zazzaɓi kike haɗawa a can."

Na ce haka ne.

"Da kin gama shi da wuri, da kunnena bai toshe ba?"

Na ji Abbanta a gefe yana cewa ta kawo wayar. Na ce ya bar ta. Na so in ce mata a'a, ba ruwan wannan da wancan. Na so in ce mata i, don ta san ba wasa ya kawo ni ba. Amma ban auna ba, ban gani ba, kuma har yau ban taɓa sa ƙafa a ginin niyutiron ɗin da amsar take ba.

Na ce, "Ban sani ba, Safiya."

Ta ce, "To yaushe za ki sani?"

Na ce mata an ce in sake tambaya baɗi. Ta ce to, ta miƙa wa babanta wayar, na ji ƙarar takalminta ta fita tsakar gida.